Mount Laurel: Garin da Ya Kori Talakawansa da Awon Fili

A watan Oktoban 1970, baƙaƙen fatar garin Mount Laurel da ke jihar New Jersey ta Amurka suka taru a wata 'yar majami'a mai suna Jacob's Chapel, suna jiran amsar ƙaramar hukumarsu. Abin da suka nema bai taka kara ya karya ba. Izini suke so su gina gidajen haya 36 a unguwar Springville, saboda iyalan da ke kwana a akurkin kaji da aka yi wa kwaskwarima aka mayar ɗakuna. Magajin garin, Bill Haines, ya zo da ƙafarsa ya shaida musu cewa majalisar gari ba za ta taɓa dokar filaye ba. Sannan ya faɗi maganar da har yau ake tuna shi da ita: idan ku mutanen nan ba ku da ƙarfin zama a garinmu, to sai dai ku tashi.

Waɗanda ya gaya wa haka su ne 'yan asalin wurin. Baƙaƙen fata na zaune a yankin tun ƙarshen shekarun 1600, da yawansu jikokin bayin da Kiristoci mabiya ɗariƙar Kwaka suka 'yanta, kuma unguwar da majami'ar take ta taɓa zama mafakar bayin da suka gudo daga kudu. Akasarin Turawan da suka cika sababbin unguwanni kuwa ba su yi shekara 20 a garin ba. Baƙo ne ya tashi yana nuna wa ɗan gida ƙofa. Cikin masu sauraro akwai Ethel Lawrence, malamar makarantar renon yara, uwar 'ya'ya tara, wadda 'yarta da jikokinta ke zaune a ɗaya daga cikin akurkin nan. Ita ce ta ƙi haɗiye maganar.

Kafin yaƙin duniya na biyu, Mount Laurel ƙauyen manoma ne. A 1950 mutanensa 2,817 ne kacal. Sai aka shimfiɗa babbar hanyar da ta ratsa jihar daga kudu zuwa arewa, ta bi ta garin, daga baya wasu manyan hanyoyi suka biyo. Birnin Camden da na Filadelfiya suka zama tafiyar 'yan mintoci a mota. Masu hali suka riƙa barin biranen suna sayen gida a gonakin da aka yanka. Yawan jama'a ya kai 5,249 a 1960, ya kai 11,221 a 1970. Hukumar gari ta ga arziki na tahowa, ta zauna ta tsara irin mutanen da take son su zo da shi.

A nan ne lamarin yake, kuma ya kamata a tsaya a dubi takardar dokar filayen da kyau. A Amurka kowace ƙaramar hukuma na da ikon kasa ƙasarta gida-gida: nan masana'antu, nan kasuwanni, nan gidajen kwana, kuma ta faɗi irin ginin da za a yi a kowane kashi. Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta wannan tun 1926. Dokar Mount Laurel ta ware kusan kashi 30 cikin 100 na ƙasar garin, sama da eka 4,000, ta ce na masana'antu ne, ba a yarda a gina gidan kwana a ciki ba. Lokacin da aka je kotu, abin da masana'antu suka mamaye a zahiri bai wuce eka 100 ba. Sauran fili na kwance, an kulle shi.

A ɓangaren gidajen kwana kuma, gida ɗaya na iyali ɗaya a tsakiyar filinsa kaɗai aka yarda da shi. Ba bene mai ɗakunan haya, ba jerin gidaje masu haɗe da bango, ba gidan da ake ja da mota. A kashin da ya fi yawan fili da ba a gina ba, mafi ƙarancin fuloti shi ne murabba'in ƙafa 20,000. Wanda ya saba da fuloti mai ƙafa 50 da 100 sai ya ƙiyasta guda huɗu a haɗe, don gida ɗaya tak. Shi kansa ginin an ce kada ya gaza murabba'in ƙafa 1,100. Mai aikin gona ko mai shara a masana'anta, ko ya shekara goma yana tari, ba zai iya hawa wannan matakalar ba.

Akwai wasu manyan rukunan gidaje da hukumar ta amince wa 'yan kasuwa su haɗa da benayen haya, amma da sharuɗɗan da suka fi komai tona asirin niyyarta. An taƙaita yawan ɗakunan kwana. An ce kada a bar yaro ɗan makaranta ya zauna a gida mai ɗaki ɗaya, a mai ɗaki biyu kuma kada su wuce biyu. Idan yaran da ke zuwa makarantar gari daga rukunin suka haura wani ɗan ƙaramin adadi, kimanin yara uku a kowane gida goma, to mai rukunin ne zai biya kuɗin karatun sauran. An kuma buɗe wani kashi na musamman don 'yan shekara 52 zuwa sama. A taƙaice garin na maraba da mai kuɗi da dattijo, yana gudun talaka da yaro.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma lauyoyin garin ba su musa shi ba. A New Jersey, harajin da ake karɓa a kan gidaje da filaye shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin makarantun gari. Kamfani na biyan haraji mai tsoka, ba ya turo yaro ko ɗaya aji. Babban gida na biyan da yawa. Ƙaramin gidan haya mai yara huɗu na biyan kaɗan, ya ci da yawa. Kowane kansila ya iya wannan lissafin, kuma kowane gari na yin sa a lokaci guda, don haka talaka ya rasa inda zai sa kansa sai tsofaffin birane irin Camden, inda masana'antu ke rufewa, aiki na ƙarewa. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin uzuri ba, amma wanda bai gane shi ba zai zaci mugunta ce kawai ta mutum ɗaya, alhali tsari ne da ke saka wa mai rowa da alheri.

Ta ɗaya gefen kuma, jami'an duba gine-gine na zagaya Springville. Gidan da rufinsa ke yoyo, ko wanda ba shi da famfo da makewayi na kirki, sai a yanke masa hukuncin rushewa da zarar mazaunansa sun fita. Ba a ba su wani wurin ba, ba a kuma bar su sun gina mai araha ba. Iyali sai su kwashe komatsansu su nufi Camden. Kora ce, amma ba wanda ya riƙe sanda.

Mai karatu zai iya tambaya ina dokar tarayya. Akwai ta. A ranar 11 ga Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta hana mutum saye ko hayar gida saboda launin fatarsa, addininsa ko ƙasar da ya fito. Sai dai dokar Mount Laurel ba ta ambaci launin kowa ba. Ƙafa da eka kawai ta ambata. Kotunan tarayya na lokacin kuma ba sa son shiga irin wannan rigimar. Saboda haka matasan lauyoyi uku na ofishin taimaka wa marasa ƙarfi da ke Camden, wato Carl Bisgaier da Kenneth Meiser da Peter O'Connor, suka kai ƙarar kotun jiha a 1971, da sunan Ethel Lawrence da maƙwabtanta da reshen yankin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Alƙali Edward Martino ya ba su gaskiya a 1972. Gari ya ɗaukaka ƙara.

A ranar 24 ga Maris 1975 Kotun Ƙolin New Jersey ta yanke hukunci, mai shari'a Frederick Hall ne ya rubuta. Hujjarsa mai sauƙi ce, kuma har yau ban ga wanda ya rusa ta ba. Ikon tsara ƙasa na jiha ne, aro ta ba wa ƙananan hukumomi. Tsarin mulkin jiha ya ce a yi amfani da wannan ikon don amfanin jama'a baki ɗaya. Jama'a kuwa ba su ƙare a iyakar gari ba. Don haka duk garin da ke bunƙasa dole tsarinsa ya buɗe hanya ta gaske ga gidajen masu ƙaramin ƙarfi, gwargwadon kasonsa na buƙatar yankin gaba ɗaya, ta yau da ta gobe. Da yake a kan tsarin mulkin jiha ya gina hukuncin, Kotun Ƙolin Amurka ba ta sami ƙofar shiga ba. Amma akwai abin da aka bari a baya. Hall ya yi magana a kan ƙarfin aljihu, bai tsaya a kan launin fata ba, kuma wannan zai dawo daga baya.

Kotu ta ba garin kwana 90 ya gyara dokarsa, ta ce tana kyautata zaton zai yi da zuciya ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya ware 'yan filaye uku, jimillarsu kimanin eka 20 cikin eka sama da 14,000. Wani fadama ne mai riƙe ruwa, wani an tsara layin dogo zai bi ta kansa, duk dai wuraren da aka san ba mai iya gini a kai. A takarda gari ya bi umarni. A ƙasa ko tubali ɗaya ba a ɗora ba. Sauran garuruwan jihar suka koyi darasi, kowa ya ɗauko masana ya biya su suka rubuta masa rahoton cewa shi ba ya cikin masu bunƙasa, ko kasonsa bai kai ya kawo ba.

Shekara takwas aka kwashe a haka. A ranar 20 ga Janairun 1983 kotun ta dawo, alƙalin alƙalai Robert Wilentz ya rubuta hukunci mai tsawon gaske, alƙalan duka bakinsu ɗaya. Ya ce dokar Mount Laurel, duk da rahotannin da aka lulluɓe ta da su, ba abin da take wa biyayya sai ƙudurin garin na hana talaka shiga. Wannan karon ya sa wa hukuncin haƙora. Kowane gari za a ba shi lamba takamaimai ta gidajen da ke kansa. Cire shinge kaɗai bai isa ba, sai gari ya yi hoɓɓasa, misali ya wajabta wa mai gina rukunin gidaje ya keɓe wani kaso ga marasa ƙarfi. An fayyace su wane ne marasa ƙarfin: iyalin da samunsa bai kai rabin matsakaicin samun yankin ba, da wanda ke tsakanin kashi 50 da 80 cikin 100. An naɗa alƙalai uku kacal su riƙa sauraren irin waɗannan ƙararraki a duk jihar. Sai babbar bulala: idan ɗan kasuwar gine-gine ya kai gari ƙara ya nuna bai sauke nauyinsa ba, kotu za ta ba shi izinin gini ko gari na so ko ba ya so, muddin aƙalla gida ɗaya cikin biyar na masu ƙaramin ƙarfi ne.

Hikimar wannan ita ce talaka ba shi da kuɗin lauya na shekara goma, ɗan kasuwa kuwa yana da shi, yana kuma da riba a gaba. Ƙararraki suka yi ta kwarara. Magadan gari suka tashi haiƙan, gwamna Thomas Kean ya kwatanta abin da gurguzu. Amma matsin ya sa majalisar jiha ta yi abin da ta daɗe tana gudu. A 1985 ta zartar da dokar adalcin gidaje ta jiha, ta kafa hukuma mai suna COAH da za ta riƙa lissafa kason kowane gari. Daga nan babin gidaje ya zama dole a cikin babban kundin tsarin kowane gari: a ƙirga gidajen da ke akwai da halin da suke ciki, a duba yawan jama'a da ayyukan yi da ake sa ran zuwansu, a faɗi kason gari, a nuna filayen da za a yi ginin. Garin da hukumar ta amince da tsarinsa ya sami kariya daga ƙarar 'yan kasuwa. Wanda ya ƙi, ya bar kansa a fili.

Dokar ta zo da wata ɓaraka da ta ci mata rabin amfani. An yarda gari mai kuɗi ya biya wani gari ya ɗauke masa har rabin kasonsa. Masu karɓa su ne Newark da Camden da Trenton da ire-irensu, biranen da talakawa suka riga suka yi wa yawa. Ba a musun cewa kuɗin ya gyara tsofaffin gidaje a can, kuma magadan biranen sun yi maraba da shi don suna cikin buƙata. Sai dai abin da Ethel Lawrence ta je kotu a kai shi ne haƙƙin zama inda aiki da makaranta mai kyau suke. Sayar da wannan haƙƙin da sunan cika shi, a ganina, cin amanar hukuncin ne. Sai a 2008 aka soke wannan ciniki. Wani bincike da aka buga a 1997 ya kuma nuna cewa galibin waɗanda suka shiga gidajen da aka gina a garuruwan bayan birni Turawa ne da dama can suke zaune a irin waɗannan garuruwan, baƙaƙen fatar da suka taso daga birni kaɗan ne. Abin da aka tsallake a 1975 ke nan ya bayyana. Araha kaɗai ba ta rushe katangar launi, sai an kai labarin gidajen cikin birni, an kuma sa ido a kan yadda ake zaɓen masu shiga.

A Mount Laurel ɗin kanta, abin ya ja fiye da ko'ina. Ethel Lawrence ta rasu a 1994, ba ta ga ko harsashi ba. Peter O'Connor, wanda ya mayar da wannan shari'a aikin rayuwarsa, shi ya kafa ƙungiyar da ta nemi fili da kuɗin gini. A 1997 aka kai zanen gaban hukumar tsara gari. Ɗaruruwan mutane suka cika zauren, da yawansu dattawa daga wata unguwa da ke kusa, suna ta faɗin abin da ake faɗa a kowane irin wannan zama: sata za ta ƙaru, darajar gidajenmu za ta faɗi, haraji zai tashi, Camden za a kawo mana. Hukumar ta amince a watan Afrilu, don ta san kotu na tsaye a bayanta. A ƙarshen shekarar 2000 aka buɗe gidaje 100 na farko da sunan Ethel Lawrence, aka ƙara 40 a 2004. Sama da mutum 800 ne suka nemi ɗari na farkon. Daga ranar taron majami'a zuwa ranar miƙa makulli, shekara 30 cur. Jaririn da aka nemi gidan dominsa ya riga ya zama magidanci.

Wanda ya wuce ta gaban rukunin ba zai bambanta shi da na maƙwabta ba. Jerin gidaje ne masu hawa biyu a kan eka kusan 60, da ciyayi da 'yan tituna masu lanƙwasa, irin ginin da aka saba gani a yankin. Da gangan aka yi haka. Ofishin masu kula da wurin na ciki, ana tantance mai haya kafin a ba shi, akwai wurin da yara ke zama yin aikin gida bayan makaranta. An haɗa iyalai masu samu daban-daban, daga mai kashi 10 cikin 100 na matsakaicin samun yankin har mai kashi 80.

Douglas Massey na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa sun bi diddigin wurin, suka fitar da sakamako a 2013. Sun gwada Mount Laurel da garuruwa uku masu kama da ita, Cherry Hill da Cinnaminson da Evesham, ba su ga wani bambanci a laifuka ko darajar gidaje ko haraji da za a jingina wa rukunin ba. Da yawa daga maƙwabta ma ba su san gidajen marasa ƙarfi ne ba. Sun kuma gwada waɗanda suka samu gida da waɗanda suka nema ba su samu ba tukuna. Masu gidan sun fi samun aiki, samunsu ya ƙaru, tashin hankalin unguwa da damuwar zuciya sun ragu, yaransu sun fi zama kan littafi. Gaskiya ne rukuni ɗaya ne, mai kyakkyawar kulawa, kuma ba kowane zai zama haka ba. Amma tsoron da aka shekara 30 ana kafa hujja da shi, an auna shi a wurin da aka fi kururuta shi, ba a same shi ba.

Su ma masu adawa ba duk maganarsu ce ta banza ba. Idan aka bar wa ɗan kasuwa wuƙa da nama, zai gina gida huɗu na kasuwa kafin ɗaya na talaka, a kan gona ko daji, inda ba motar haya, bututun ruwa da ajujuwa kuma ba su shirya ba. Maganin wannan na hannun garin: ya riga ɗan kasuwa zaɓen wuri, kusa da tasha da wurin aiki, ya sa a kundinsa. Garuruwan da bulalar ta fi daka su ne waɗanda suka ƙi yin tsarin tun farko.

Bayan 1999 hukumar COAH ta shiga jan ƙafa. Ta fito da sabuwar dabara wadda ta ɗaura kason gari a kan yawan ginin da shi kansa ya yarda a yi, ma'ana wanda ya rufe ƙofa ba a bin sa komai. Kotuna suka yi watsi da ita fiye da sau ɗaya. Gwamna Chris Christie ya nemi rushe hukumar baki ɗaya. Shekara 15 aka yi ba ƙa'ida tsayayya, har Kotun Ƙoli ta gaji a watan Maris 2015 ta mayar da aikin hannun alƙalai, ta kuma ce a 2017 buƙatar da ta taru a shekarun jan ƙafar ba ta faɗi ba. Ɗaruruwan garuruwa suka zauna suka yi sulhu da cibiyar kare haƙƙin gidajen marasa ƙarfi da O'Connor ya kafa tun 1975. Duk da wannan tafiyar hawainiya, gidajen da aka samar a jihar ta wannan hanya sun haura 60,000.

A ranar 20 ga Maris 2024 gwamna Phil Murphy ya sa hannu a sabuwar doka da ta rufe COAH, ta rubuta yadda ake lissafin kaso a cikin dokar kanta, ta ba ma'aikatar harkokin al'umma ta jiha aikin fitar da alƙaluma. Ma'aikatar ta ce ana buƙatar sababbin gidaje sama da 84,000 tsakanin 2025 da 2035, ban da tsofaffi kimanin 65,000 da ke neman gyara. An ba kowane gari zuwa 31 ga Janairun 2025 ya amince da lambarsa ko ya kawo tasa da hujja, zuwa 30 ga Yuni kuma ya miƙa babin gidaje na kundinsa, da sunan kowane fili da adadin gidajen da zai ɗauka. Wasu garuruwa ƙarƙashin jagorancin Montvale sun garzaya kotu suna neman a dakatar da dokar, alƙali ya ƙi. Akasarin garuruwan jihar 564 sun shiga tsarin, kuma duk mai ganin filin da garinsu ya nuna fadama ce, doka ta ba shi damar ya shigar da ƙorafi a 2025 kafin a sa wa kundin hatimi.